Kuɗin ƙarfe mai aibi ba duka ne jabu ba

Ranar kasuwa sau da yawa gardama tana tashi a kan dala ashirin ko dala hamsin. Mai gero ya ce kuɗi ne, mai kanti ya ce bai karɓa. Wanda bai san bambanci ba shi ne ke asara.

Kuɗin ƙarfe na sefa na bankin BCEAO ne. Wata ma'aikata a garin Pesak, cikin ƙasar Faransa, tana buga irinsu tun 1973. Inji ne ke danna ƙarfe tsakanin hatimi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Inji kuwa yana kuskure. Wani lokaci ƙarfen ya goce, sai zanen ya koma gefe guda, ɗaya gefen ya zauna fili. Wani lokaci a danna sau biyu, sai harufa su fito kamar da inuwa. In hatimin ya tsage, sai a ga wani siririn layi ya taso bisa kuɗin kamar jijiya.

Ga dabarar ganewa. Mutum ya samo wani kuɗin irinsa, ya aza su kusa da juna cikin haske. Ya duba shekara, da harufa, da kifin nan mai baki kamar zarto, alamar banki. Sa'an nan ya shafa da yatsa. Layin da ya taso daga ma'aikata yake. Layin da ya lotsa ciki, wuƙa ce ko dutse. Wanda ya shafe sumul, yawon hannu ne ya cinye shi. Jabu kuwa, nauyinsa da ƙararsa sukan bambanta.

Akwai kuma sefa ta Cadi da Kamaru. Kuɗi ne na gaskiya, amma na wani banki ne, ba a ciniki da shi a Nijar.

Dala hamsin da aka fitar a 1992 ta sha ƙi wurin ƴan kasuwa, alhali banki ya sha faɗin tana aiki. Kuɗin da ya shafe, ana canza shi a BCEAO ta Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Wanda ya samu mai aibin ma'aikata, kada ya goge shi da toka ko rairayi. Masu tara tsofaffin kuɗi sukan sayi irinsa fiye da darajarsa, amma gogagge ba su so.