Baƙo A Tseren Unguwa A Ƙasar Ingila

Duk malami ko akawun da aka taɓa turawa kos Ingila ya san nauyin ranar Asabar a can. Ba aji, ba ofis, abokan karatu Turawa kowa ya tafi gida, sai baƙo ya kulle kansa a ɗaki yana ƙidayar kwanakin da suka rage. A watan Disamba kuwa rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Mun sha ganin waɗanda suka shekara can suka komo da takardar shaida mai kyau, amma in ka tambaye su sunan maƙwabcinsu ko ɗaya sai su yi shiru. Mu kanmu haka muka yi wata uku na fari.

Abin da ya fid da mu daga wannan hali wani tsere ne da a ke kira parkrun, wanda mutanen unguwa su ke yi kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe a dandalin shan iska. Tsawonsa kilomita 5, watau mil uku da ɗan ɗori. An fara shi ran 2 ga Oktoba, 2004, a Bushy Park, kudu maso yammacin Landan, da masu gudu 13 kacal. Wanda ya kafa shi, Paul Sinton-Hewitt, shi ma ba a Ingila ya tashi ba, a Afirka ta Kudu ya girma. Rauni ne ya hana shi gudu a lokacin, sai ya riƙe wa abokansa agogo don kada zumunci ya yanke. Daga nan abu ya bazu, ya shiga Danmak a 2009 da Afirka ta Kudu a 2011, yau ana yinsa a ƙasashe fiye da 20.

Ba a biyan ko kwabo. Mutum ya kan rubuta sunansa sau ɗaya ta intanet, a ba shi lambarsa, in ya gama gudu a duba ta, ran nan a aiko masa da lokacin da ya yi. Masu aikin duka 'yan sa kai ne, cikinsu har da wanda aikinsa shi ne ya riƙa tafiya a bayan kowa, don kada a ce wane ne ya zo na ƙarshe.

To, wahalar ba ta ƙafa ba ce, ta girma ce. A wajenmu in aka ga magidanci ɗan shekara arba'in yana gudu ba abin da ya biyo shi, sai a tare shi a ce, "Malam, lafiya?" Sai da muka yi Asabar biyu muna leƙe daga bakin shinge tukuna muka shiga. Ran da muka shiga kuma muka yi wauta, muka zabura kamar masu tseren yadi ɗari na ranar wasannin makaranta. Kafin mil guda numfashi ya ƙare. Muna cikin haki sai ga wata tsohuwa, kanta fari fat, wadda a haife ta haife mu, ta zo ta wuce, ta waiwayo ta ce mu daure, saura kaɗan. Kunya ce ta kai mu ƙarshe a ran nan.

Amma in an gama, jama'a kan taru a wani kantin shayi na kusa, nan fa Baturen da ba ya ce maka uffan a cikin jirgin ƙasa zai tambaye ka sunanka da ƙasarku. Bayan 'yan makonni aka ba mu rigar masu aiki, aka tsai da mu a wata kwana muna nuna wa 'yan gari hanya a garinsu. A nan muka san wani mai raba wasiƙu, da wata ma'aikaciyar asibiti, da wani hedimasta wanda ya kai mu makarantarsa muka wuni a bayan aji. Abin da muka gani a wunin nan game da tafiyad da aji, ba mu same shi a laccar wata guda ba.

Malamai su lura da abu ɗaya. Ran Lahadi akwai na yara, kilomita 2, daga ɗan shekara 4 zuwa 14, ana tafa wa na baya kamar yadda a ke tafa wa na gaba. Mu kuwa a makarantunmu na ɗaya da na biyu da na uku a ke kira a ba su kyauta, sauran su bar gudu tun ran da suka bar makaranta. A ganinmu wannan ya kamata kwalejojin horon malamai su dube shi.

Wanda tafiya ta kama, ya rubuta sunansa tun yana gida, ya tanadi takalmin gudu da safar hannu, domin sanyin safiya yatsu ya kan fara kamawa. In kuwa Sikotilan aka tura shi, can ƙarfe 9 da rabi a ke tashi.