Tsargiya da Maganinta

Jama'a da yawa sun ɗauka fitsarin jini alama ce ta balagar yaro. Wannan kuskure ne babba. Ciwo ne, sunansa tsargiya, kuma tsutsa ce ke kawo shi. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a Alƙahira cikin 1851.

Tsutsar nan cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara ta ke zama, mace da namiji manne da juna. Macen ta kan zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Waɗansu su huda mafitsara su fita cikin fitsari, asalin jinin da a ke gani ke nan. Waɗansu kuwa su maƙale cikin tsoka, su ne ke ɓata mafitsara da ƙoda sannu a hankali. In mai ciwon ya yi fitsari a kududdufi, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga ƙananan dodon koɗi ta hayayyafa, sa'an nan ta fito ta huda fatar mai wanka ko manomin shinkafa. Sabo da haka mazauna wuraren noman rani, kamar Kadawa da Bakolori, sai su lura ƙwarai.

A asibiti a kan duba fitsari da madubin likita, an fi son na tsakar rana. In an ƙirga ƙwai 50 ko fiye cikin mililita 10, to, ciwon ya yi nauyi.

Tun daga 1918, da Likita Christopherson ya gwada ta a Hartum, wata allura mai dafi a ke yi a jijiya har makonni, majiyyata kuwa sun sha wuya. Yanzu ƙwaya a ke sha, watau praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. A makarantu a kan auna tsawon yaro da sanda a san adadinsa. Lalle a ci abinci tukuna.

Wanda tsutsa ta yi wa yawa shi ya fi jin ciwon ciki da jiri, wani lokaci har da amai, bayan ya sha. Kada wannan ya firgita iyaye, gama ba ya daɗewa. Amma ƙwayar ba ta kashe tsutsar da ba ta riƙa ba, don haka likita ya kan ce a maimaita bayan 'yan makonni. Kuma ba rigakafi ba ce: wanda ya koma ruwan nan zai sake kamuwa.

Baligin da jini bai ɗauke masa ba bayan magani ya koma asibiti da gaggawa, domin tsargiyar da ta daɗe ta kan jawo ciwon daji na mafitsara.