Ɗan Baya: Yaushe Zai Hau, Yaushe Zai Tsaya?

A filayen ƙasa na New Bell da ke Duwala, idan yara suka raba lamba, ta tara ake wa rububi. Ba laifinsu ba ne, a unguwar nan Samuel Eto'o ya tashi. Wanda aka tura baya kuwa sai ya ɓata rai, kuma ana take wasa sai ka hango shi can gaban ragar abokan hamayya, ya bar gola shi kaɗai yana ta kururuwa. Manyan masu tsaron baya na duniya ma da wannan matsalar suke fama: yaushe za su hau su taimaka a ci, yaushe za su tsaya su tsare gida?

Inda aka fi tsananta nazarin wannan tambaya shi ne wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada, Amurka, Rasha da Suwidin ke ji da shi. Mutum shida ne a kowane ɓangare: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Filin ƙarami ne, ana gudu a kan takalma masu ƙarfe kamar walƙiya, saboda haka idan ɗan baya ɗaya ya hau aka ƙwace masa, cikin daƙiƙa kaɗan mutum biyu sun auka wa abokinsa. Bobby Orr na ƙungiyar Boston Bruins ne ya sauya tunanin mutane a kan wannan matsayi. Yana ɗan baya amma ya fi kowa maki a gasar NHL a 1970 da 1975, abin da babu wani mai tsaron baya da ya sake yi, ya kuma karɓi kyautar gwarzon ɗan baya sau takwas a jere. Sai dai an cika mantawa da Dallas Smith, abokin tsaronsa, wanda ke daɗewa a baya duk lokacin da Orr ya kutsa. Har yau masu horarwa a can sukan haɗa 'yan baya bibbiyu, mai hawa da mai zama.

A Duwala ba mu da ƙanƙara sai ta cikin firij, amma darasin ba baƙo ba ne. A Kofin Duniya na 1998, a birnin Toulouse, Pierre Njanka, ɗan bayan Kamaru, ya ɗauko ƙwallo daga nesa, ya yanke 'yan Ostiriya, ya zura ta a raga. Har gobe ana nuna ta. Amma a mintin ƙarshe aka bugo kwana, aka bar Toni Polster na Ostiriya babu mai riƙe shi, ya farke. Aka tashi 1-1. Kamaru ta kammala rukuni da maki biyu, Chile ta wuce da uku. Da an tsare wannan kwanar, da Kamaru ce ta haye.

Kwatanta da gasar kofin Afirka da aka yi a Mali a 2002. Wasa shida Kamaru ta buga, ta ci tara, ba a zura mata ko ɗaya ba, ta ɗauki kofin Afirka bayan bugun fanareti da Senegal. Ba don 'yan baya sun kafe wuri guda ba ne. Geremi Njitap da Pierre Womé suna hawa ta gefe suna bugo ƙwallo, amma Rigobert Song da Raymond Kalla na nan daram, marigayi Marc-Vivien Foé kuma yana toshe gurbin wanda ya tafi. Haka a Arsenal Arsène Wenger ya mai da Lauren daga tsakiya zuwa lamba biyu, Gilberto Silva na rufa masa baya, Arsenal ta buga wasa 38 a kakar 2003/2004 ba a doke ta ba.

A ganina, hawan ɗan baya bashi ne, kuma kada ya ci shi sai ya san mai tsaya masa. Kafin ya ɗaga ƙafa ya waiga: akwai wanda ya rufe wurina? Idan lamba biyu ya riga ya tafi, lamba uku ya zauna. Ya kuma dubi ƙwallon, shin ta zauna a ƙafar ɗan'uwansa ko har yanzu ana kokawa a kanta, domin mai hawa a kan ƙwallon da ba ta tabbata ba shi ake bari a baya yana haki. Agogo ma yana da magana. Wanda ke gaba da ɗaya saura minti biyar ba shi da abin nema a can. Wanda ake ci kuwa dole ya fito, kamar yadda Nicolas Nkoulou na Kamaru ya hau ya farke da ka a wasan ƙarshe na kofin Afirka da Masar a 2017 a Libreville, kafin Vincent Aboubakar ya ƙarasa aikin.

Masu horar da yara a unguwar Hausawa da sauran sassan New Bell, wadda Union Douala ɗinta ta ɗauko kofin zakarun Afirka a 1979 da Joseph-Antoine Bell a raga, ku daina jefa yaron da bai iya ba a baya don a cike lamba. Ku sa mai hankali da ido, ku koya masa kiran sunan abokinsa kafin ya hau, kuma ranar da ya hana a ci ku, ku yaba masa a gaban sauran yadda kuke yaba wa wanda ya zura.