Ko Kun Sani? Haske Na Tona Asirin Jabun Magani

Ko kun san ana iya gane jabun ƙwayar magani cikin ƙasa da minti guda, ba tare da an ɓare ledarta ba? Tun wajen 2010 hukumar NAFDAC ke amfani da wata na'urar riƙewa a hannu mai suna TruScan wajen gwada irin magungunan da aka daɗe ana hada-hadarsu a Kasuwar Sabon Gari da ke Fagge, musamman na zazzaɓin cizon sauro. Na'urar takan harba hasken leza ya ratsa leda ya bugi ƙwayar. Kusan duk hasken kan dawo yadda ya tafi, amma wajen kashi 1 cikin miliyan 10 kan dawo da launinsa ya ɗan sauya, saboda ya girgiza ƙwayoyin sinadarin. Kowane sinadari da irin tasa girgizar, kamar zanen yatsa. Sai na'urar ta gwada da na maganin ainihi da ke ajiye a cikinta. Wani masani ɗan Indiya, C.V. Raman, ne ya gano wannan sauyin launin haske a 1928, ya kuma ci kyautar Nobel a 1930.