Ko Kun Sani? Goge da Birkin Mota Tushen Ƙararsu Ɗaya

Zaƙin muryar goge da ƙarar birkin mota mai ratsa kunne duk abu ɗaya ke haifar da su, wato kamu da kuɓucewa. Idan mai goge ya ja bakansa, izgar bakan takan maƙale wa tsirkiya ta ja ta gefe kaɗan, sai tsirkiyar ta suɓuce ta koma, nan take a sake cafke ta. A gogen Turawa, sautin da makaɗa ke daidaita kayansu da shi yana fita ne idan wannan kamu da saki ya faru sau 440 a daƙiƙa guda. Bajamushen masani Hermann von Helmholtz ya bayyana wannan motsi tun a shekarun 1860.

Da yawa suna zaton kaushin gashin doki ne ke yin aikin. Ina! Ƙaron da ake goga masa ne; izgar da ba ta sha ƙaro ba zamewa kawai take yi a kan tsirkiya. A birki kuwa babu hannun gwani da ke sarrafa girgizar da wannan kamu da saki ke haifarwa, ƙarfe ne ke amsa ta, shi ya sa take fita da tsuwa.