Me Ya Sa Kwamfaila Ke Dogon Turanci Kan Ƙaramin Kuskure?

 Yau da masu koyon rubuta manhaja muke, musamman waɗanda jajayen saƙonnin kuskure suka kusa kora daga harkar.

Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya kod ɗinka zuwa yaren da na'ura ke ganewa. Fankishin na gama-gari kuwa, sau ɗaya ake rubuta shi, ya yi aiki da lambobi, da kalmomi, da sauransu. Amma fa yana da sharaɗi. Mai jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, dole a ba shi abin da ke kwatantuwa.

To ina matsalar? A tsohon C++, ba a rubuta sharaɗin a bakin ƙofa. Ka miƙa wa std::sort jerin std::list, kwamfaila za ta kutsa can cikin laburare, sai ta yi tuntuɓe sannan ta zubo maka layuka rututu daga fayilolin da ba kai ka rubuta ba. Alhali maganar gajera ce: std::sort na son tsallakawa kai tsaye zuwa kowane gurbi, std::list kuwa ɗaya bayan ɗaya ake bin sa.

Maganin da aka kawo sunansa Concepts. An cire shi daga daftarin C++ a 2009, sai a C++20 ya shigo. Yanzu std::ranges::sort na duba sharaɗin tun a ƙofa, ya ambaci wanda ba a cika ba. Saƙon kan yi tsawo har yanzu, amma ka san inda za ka dosa.

A Rust dama dole a rubuta sharaɗin, in ka saɓa ka ga lambar E0277. A 2024, Rust 1.78 ta bai wa masu laburare damar rubuta nasu bayanin da diagnostic::on_unimplemented.

Me ya shafe mu? Matashin da ke koyo shi kaɗai, kwamfaila ce malaminsa. In malamin bai iya bayani ba, sai ɗalibi ya zaci shi ne bai da kai, ya ajiye karatun.

Don haka, fara da kuskuren farko, ka nemo layin da ke ɗauke da sunan fayil ɗinka. In kuma kai ke rubuta fankishin, bayyana sharaɗinsa saboda na bayanka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.