Tsutsar da ta ba kwamfuta ciwon kai

Tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, kuma a madubin ƙara girma ana hango har kayan cikinta. Sunanta C. elegans. Ƙwayoyin jijiyarta 302 ne kacal, alhali na ƙwaƙwalwar mutum sun kai kusan biliyan 86. Ƙanƙantar nan ce ta sa Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zaɓe ta domin bincike a Cambridge ta Ingila. A 1986 John White da abokan aikinsa suka fitar da taswirar yadda kowace jijiya ke haɗuwa da 'yar uwarta.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin Martin Chalfie. Ana liƙa gashin gira guda a bakin tsinken sakace a shafi tsutsar. In aka taɓa wajen kai sai ta ja da baya, in wutsiya ce ta ƙara gaba. Jijiyoyi shida ne ke jin wannan shafar, su miƙa saƙo ga na tsakiya, su kuma su juya tsokoki 95 na jikinta, wasu su tsuke wasu su saki.

Tunda akwai taswira, sai mutum ya zaci gina ta a kwamfuta abu ne mai sauƙi. Ina! Masu aikin OpenWorm sun soma ƙoƙarin hakan a 2011, har yau tsutsarsu ba ta kamo ta Allah ba. Taswirar Abuja za ta nuna maka titin Nyanya zuwa Mararaba, amma ba za ta gaya maka cunkoson ƙarfe shida na yamma ba. Haka taswirar jijiya take: ba ta faɗin ƙarfin kowane saƙo, ko wanne ke zuga tsoka, wanne ke taka mata birki.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan tsutsa? Da ruwanmu kuwa. Danginta ne tsutsar da baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin rafuka, mai kawo ƙaiƙayi da makanta. Ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu shanye jijiya da tsokar 'ya'yan tsutsar take yi, kuma a jikin C. elegans aka gano ƙofar da maganin ke shiga a 1994. Shi ya sa nake ganin ɗalibanmu na jami'ar da ke Gwagwalada sun cancanci a saka musu ita a gaba. Ba ta da tsadar kiwo, ƙwayoyin bakteriya take ci, cikin kwana uku ta girma ta fara ƙwai.